"Hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar": har a wurin sana'a?

Hajiya mai abinci, Yantala: Salamu alaikum. Shekara 9 ke nan ni da ƙannena muna da gidan abinci a unguwar Yantala, a Yamai: shinkafa da miya da rana, dambu da zogale, tuwo da dare. Ɗan yayana da muka ɗauko daga Tawa yana raba abinci, to tun bayan sallar layya ya sauya hali. Ya zo a makare, ya zagi mai wanke-wanke gaban masu saye, ranar Juma'a har ya jefi mai girkinmu da kwano. Matar nan shekararta 6 tare da mu. Ta ce ko shi ko ita. Da na ce zan sallame shi, Inna ta ce mini: "Hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar." Ban iya ce mata komai ba. Don Allah, karin maganar nan ta hau kan wannan?

Tela a Wadata: Hajiya, ki mayar wa Inna da tata: wake ɗaya ke ɓata gari. Yau mai girki, gobe masu saye su koma maƙwabta.

Ɗalibi, Harobanda: Ni kullum na ɗauka garin mutane ake nufi.

Malamin makaranta, Tawa: A'a ɗana, garin niƙa ne, wanda ake ja wasalinsa. Ƙwaya ɗaya mai ƙwari ta shiga niƙa, ɗanwaken duka ya ɗauki wari. Amma tela, ba a mayar wa uwa magana haka. Kuma ku dubi abin da Inna ta faɗa da kyau: cewa aka yi kar a yanke a yar. Ba a ce a ci gaba da tsoma ruɓaɓɓen hannu cikin tukunyar da jama'a ke ci ba. Hannu mai ciwo ana wanke shi, a ɗaure, a hutar da shi. Fitar da yaro daga wurin aiki daban, fitar da shi daga dangi daban.

Uwar ƴan biyu, Talaje: Malam, a baki da sauƙi. A gidajenmu in ka kori ɗan wanka, uwarsa ba za ta taka bikin ƴarka ba. Kuma wa ya tambayi yaron abin da ke damunsa? In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ƴan uwa da yawa ana sa su aiki daga asuba zuwa dare, ladan sai "ai gidanku ne". Hajiya, ki yi haƙuri, ana biyansa?

Hajiya mai abinci: Jikka 25 (sefa dubu 25) a wata, da ci da kwana.

Tsohon ma'aikaci, Bukoki: Nan ne gizo ke saƙa. Tun Janairun 2024 albashi mafi ƙanƙanta a Nijar jikka 42 ne. Dokar aiki ta 2012 ba ta ware ɗan uwa da ake biya ba: sallama sai da dalili, kuma in ba babban laifi ba ne sai an ba da wa'adi. Ki rubuta abin da ya faru ranar Juma'a da waɗanda suka gani, ki biya shi haƙƙinsa duka, ki ba shi takardar shaidar aiki. In an yi gardama, ofishin sufetan aiki na sasantawa kafin a kai kotu.

Malamin makaranta: Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mai girkin. Ita ba ta da innar da za ta kawo mata karin magana a gidan, kuma ita aka jefa.

Hajiya mai abinci: Wallahi Malam, wannan ta taɓa ni. Na kira yayana, zai shigo motar Tawa ranar Asabar mu zauna gaban Inna. Yaron ba zai koma raba abinci ba, amma zan cika masa kuɗin da na rage, kuma ƙanena ya yi magana da wani mai gyaran babur a Katako ko zai karɓe shi koyo. Mai girki kuwa yau da safe na je har gidanta na ba ta haƙuri.