"Shinkafa ta gama" ko "ta ƙare"? Ku taya ni amsa wa yarinyata

Maman Ilham, Pantami:
Assalamu alaikum. Ina sayar da abinci kusa da Tashar Dukku a nan Gombe. Akwai yarinyar da take taya ni, 'yar wajen Kaltungo ce, ba da Hausa aka yaye ta ba amma tana ji sosai. Shekaranjiya wajen ƙarfe biyu wani direba ya zo neman shinkafa da wake, ta leƙa tukunya ta ce, "Baba, shinkafa ta gama." Sai ya ce, "Ta gama me?" Waɗanda ke kan benci suka kwashe da dariya. Yarinyar nan ta zagaya bayan rumfa tana share ido da gefen ɗankwali. Abin ya tsaya min a rai.

Da yamma muna wanke-wanke na ce mata "ta ƙare" ake cewa. Ta ce, "To Mama, ke kina cewa kin gama girki, kuma kin ce Ilham ta ƙare firamare. Yaushe ne gama, yaushe ne ƙare?" Wallahi bakina ya san inda kowanne yake zama, amma na kasa yi mata bayani. Masu ilimi ku taimaka.

Malamin aji huɗu, Bajoga:
Wa alaikumus salam Hajiya. Gama yana son mai yi da abin yi: ke kika gama girki, tela ya gama ɗinki. Abin da ake ɗiba yana raguwa har a ga gindin mazubi kuwa, ƙarewa yake yi, kamar gishiri, gawayi, kuɗin cefane, man babur. Abin da ya rikita ta shi ne ƙare yana cin gida biyu. Za ki ce "na ƙare aiki", ki kuma ce "aiki ya ƙare", duk daidai. Gama bai da wannan sakewar.

A sana'arki ma akwai haɗari. Bahaushe in ya ji "shinkafa ta gama", abin da zai fara zuwa masa shi ne ta gama dahuwa, sai ya gyara zama yana jiran a zubo. Ki nuna mata haka da tukunya biyu, cikakkiya da wadda aka kankare, za ta riƙe.

Tsohon Wunti, Bauchi:
'Yata, kafin komai, direban nan bai kyauta ba. Wanda ya bar harshen uwarsa ya koyi naka, gyara ake yi masa a hankali, ba a gaban jama'a ba.

Malam ya yi bayani, amma ni abin da nake so yara su lura da shi, kusan kowane abu da kalmar da ake rufe shi da ita. Ruwan sama ɗaukewa yake yi. Kasuwa tashi take yi, in da rigima a ce ta watse. Salla idar da ita ake yi, liman ya sallame. Azumin yini kuwa sai a ce an sha ruwa. Jariri yaye shi ake yi. Zazzaɓi ya sauka, jini ya tsaya, aure ya mutu.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na karatu. Ranar da na kai ƙarshen Baƙara a allo, babu wanda ya ce na gama Alƙur'ani. Cewa aka yi na sauke. Malaminmu, Allah Ya jiƙansa, ya riƙe allon da aka yi wa zayyana, ya ce gobe da asuba in dawo a fara tilawa. Kaya ne ka ɗauko ka kai masauki, shi ya sa ake cewa sauka, ba a gama shi.

Sannan ki ja mata kunne kan ƙare in ana maganar mutum. "Wane ya ƙare" na nufin ciwo ya cinye shi, ya rame sai ƙashi. "Taka ta ƙare" kuwa barazana ce. Wanda Allah Ya karɓi ransa, ya rasu ko ya cika.

Ɗan Kumo:
Baba ya gama magana. Zan ƙara na ɓangaren tsayawa, don mu ɗalibai mun ji a jikinmu. Daina na abin da aka saba ne, kamar a daina shan taba. Dakata kuwa akwai dawowa a cikinsa. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya fara 14 ga Fabrairu, ya kai wata takwas. Da labari ya fito ranar 14 ga Oktoba, wasu na cewa an janye, wasu na cewa an dakatar. Babana ya ce in saurara da kyau kafin in ɗaure jaka, don abin da aka dakatar yana nan a ajiye. Dakatarwa ce kuwa aka yi. Haka wanda aka dakatar daga aiki yana da sauran fata, ba kamar wanda aka sallama ba.

Malam, a yi wa yarinyar uzuri. Mu a gida da Fulatanci tushe ɗaya ne: abu ya ƙare "timmi", na gama aiki "mi timmini". Ni ma sai da na shiga makaranta na raba su a Hausa. Kuma a cikin garin Gombe ba ita kaɗai ke cewa "ya gama" ba.

Maman Ilham, Pantami:
Na gode, Allah Ya ƙara sani. Na karanta mata duka da daddare, ta sa na maimaita na Baba sau biyu, wurin sauka. Yau da rana na yi mata na tukunya biyun. Da miyar kuka ta kai ƙasa, ita da kanta ta ɗaga murya ta ce, "Kuka ta ƙare, saura kuɓewa." Yanzu kuma tambayarta ita ce me ya sa ake cewa an ɗauke wuta, alhali ba a ga wanda ya ɗauka ba. Baba, wannan taka ce.