Wane suna za mu ba katakon da ake sawa a madadin kafet?

1/ Jama'a, kalma nake nema, kuma ba don ado ba. Rashinta ya kusa sa ni cinikin biri a sama. Kafet ɗin falon Inna a Badariya, nan Birnin Kebbi, ya shekara 7. Duk hunturu sai tarinta ya tashi, don ƙurar da ta shige cikin kafet tsintsiya ba ta iya fitar da ita. Muka ce a cire shi. Na kawo maganar tayal, ta ce ba ta so: yana da sanyi da asuba, ga santsi idan ruwan alwala ya ɗiga. Katako take so, irin wanda ta taka a masaukinsu da ta je Umra.

2/ Na kira masu sayarwa uku a Legas. Kowannensu ya ce yana da shi, kowa da suna ɗaya ya kira shi, amma farashin wani ya kusa ninka na wani sau uku. Sai da na ce su ɗauko mini hoton gefen katakon, ba samansa ba, na gane kaya uku ne daban. Na farko itace ne guda daga sama har ƙasa. Na biyu, wanda Turawa ke kira engineered hardwood, samansa itacen gaske ne da aka yanka siriri aka manna a kan falankin filawud. Na uku laminet, shi kuwa hoton itace ne aka buga a takarda, aka manna a kan matsattsen garin katako, aka rufe da wani abu mai ƙyalli. Idan an shimfiɗa su, daga tsaye da wuya ka bambanta.

3/ Na biyun nake nema wa suna. Ba sabon abu ba ne, tun 1941 kamfanin Kährs na ƙasar Suwidin ya yi rajistar fasaharsa. Laminet ma daga can ya fito, a 1977. Hikimar na biyun duk wanda ya taɓa zama da ƙofar katako a ƙasar nan ya san ta: da damina ƙofa ta kumbura ta cije, da hunturu ta saki har ka hango haske ta gefenta. Itace ta faɗi yake kumbura, ta tsawo kusan ba ya motsi. Sai aka jera siraran yankan itace, wannan a miƙe, na samansa a gicciye, kowane na riƙe ɗan'uwansa. A garin da Agusta ke jiƙa bango, Janairu ya tsage leɓe, Afrilu zafi ya haura digiri 40, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

4/ Sunan farko da aka kawo mini shi ne "katakon injiniya". Ban karɓa ba. Duk Bahaushen da ya ji zai ɗauka katakon wani injiniya ne da aka ajiye a bakin gini. Wani ya ce "haɗaɗɗen katako", tunda haɗa shi aka yi. Ma'anar ta yi daidai, amma yaran yanzu sun ƙwace kalmar. A bakinsu haɗaɗɗe mai kyau ne kawai, mota haɗaɗɗiya, gida haɗaɗɗe. Mai laminet ma zai rantse maka nasa haɗaɗɗe ne, kuma bai yi ƙarya ba. "Katakon Turawa" kuwa duka ukun na Turawa ne.

5/ Wata 'yar'uwa daga Argungu ta ce a kira shi "mai ruwan katako", kamar yadda ake cewa sarƙa mai ruwan gwal. Na ji daɗin wannan ƙwarai, don ya kama batun na gaske a sama, wani abu a ciki. Abin da ya hana ni shi ne, mai ruwan gwal a wurinmu jabu ce, idan ta koɗe an gama. Wannan kuwa cikinsa ma itace ne, kuma cikin ne ƙarfinsa.

6/ Jiya da la'asar na kai wa wani dattijon kafinta guntun da aka aiko mini a mota. Ya juya shi, ya sa farce a gefen, ya ce: "Yaro, ai wannan falle-falle ne. Kuɗinka duk yana kan fallen sama." Na ce: "Baba, Allah ya ƙara girma, ai ka gama mana aikin." Falle kalmarmu ce, fallen takarda, fallen zane, abu siriri guda ɗaya daga cikin jeri. KATAKO MAI FALLE. Kuma sunan da kansa yana jawo tambayar da ya kamata mai saye ya yi: fallen sama kaurinsa nawa? Akwai wanda bai kai milimita 1 ba, akwai mai 3 ko 4, akwai mai 6. Mai 3 ko 4 idan ya ƙarje za a iya goge shi da injin sanfefa a sake shafa masa banish, sau ɗaya ko biyu. Wanda bai kai 2 ba, ana gogewa za a tarar da filawud. Nan bambancin farashin yake ɓuya.

7/ Saura kalmar gaba, wadda za ta nuna cewa na ƙasan ɗaki ne. Wasu sun ce "shimfiɗa", ni na fi son "daɓe". An ce mini ai daɓe duka ne, mata su taru da madaɓi suna bugun ƙasa da tsakuwa suna waƙa, a zuba ruwan makuba ya ƙara tauri, katako kuwa ba a dukansa. Gaskiya ne. Amma tun yaushe muke cewa daɓen siminti, alhali da cokalin birkila ake lailaye shi? Kalmar ta riga ta tashi daga aikin ta koma kan wurin da ƙafa ke takawa. Shimfiɗa kuma abin da ake naɗewa ne, tabarma, darduma, ledar ɗaki. Wanda ya kashe irin wannan kuɗin ba zai so a kira kayansa da sunan abin da ake kakkaɓewa a waje ba.

8/ Ga lissafin, ga mai niyya. Falon Inna mita 5 ne da 4, murabba'in mita 20 ke nan. Ana ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanke-yanke, ya zama 22. Idan mai sayarwa ya ba ka farashi da murabba'in ƙafa, ka sani murabba'in mita ɗaya ya kusa murabba'in ƙafa 11, don haka 22 ɗin nan wajen 237 ne. Kada ƙanƙantar farashin ƙafa ɗaya ta ruɗe ka. Kuma kuɗin katakon ba shi ne ƙarshe ba. Da muka ɗaga kafet sai ga simintin ƙasa duk ramuka da busasshen gam, dole a kankare a daidaita, don mai falle ba ya zama a kan tudu da kwari. Sai ledar da ke tare damshi, sai soson da ake sawa a ƙarƙashi, sai katakon gindin bango da zai rufe tazarar wajen milimita 10 da ake bari don numfashin itace. Ƙofa ma sai an rage ƙasanta. Ga maganin gara kafin a fara, wanda a ƙasarmu ba a tsallake shi. Ga kuɗin mota daga Legas, ga na mai aikin, wanda watakila shi ma sai an ɗauko shi daga wani gari an ba shi masauki, kuma kwalayen sai sun kwana biyu ko uku a ɗakin kafin a sa hannu. Kayan daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashin da aka faɗa maka yau ba lallai ya kai wata mai zuwa ba.

9/ A ra'ayina, kicin da bakin bayi a bar wa tayal. Mai falle ya fi katako guda jure canjin yanayi, amma ruwan da ya kwanta a kansa sai ya ɓata shi, kuma ba a wanke shi da bokiti yadda muka saba. Na faɗa wa Inna haka, ta ce buta dai ba za ta ƙara shiga falo ba.

10/ To ga inda na tsaya: daɓen katako zalla, daɓen katako mai falle, daɓen hoton katako. Mutanen Gusau da Yawuri da Zuru, idan kafintocinku suna da wani sunan da ya riga nawa, ku kawo shi, zan bi naku. Ɗazu na tura wa ɗaya daga cikin na Legas saƙo cewa mai falle nake so, fallen sama kada ya gaza milimita 3, kuma ya ɗora ma'auni a gefen ya ɗauko hoto kafin in tura ko sisi.