Bot-bot da 'yan magudi sun cinye mana gem: koken taro yana sa kamfani ya motsa kuwa?

Ɗan Rigasa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka san harkar gem ta intanet ciki da bai. Akwai wani wasan harbi da samarin Rigasa da Tudun Wada suke yi, yanzu da wuya a ƙare zagaye ɗaya ba a ci karo da wanda harbinsa ba ya kuskure ba, ko ta bayan bango ne. Wasu ma kamar ba mutane ba ne. An kawo shawarar a haɗu a kai wa kamfanin koke, kamar yadda aka ce masu wasan Team Fortress 2 (TF2) sun taɓa yi. Yaya suka yi nasu? Ya yi amfani? In za mu yi, me za mu nema takamaimai?

Malam Kwamfuta, Unguwar Sarki, ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ya yi amfani, amma sai a karo na biyu, kuma bambancin karon farko da na biyu shi ne abin dubawa.

Kamfanin Valve ya fitar da Team Fortress 2 a 2007, ya mayar da shi kyauta a 2011. Wajen 2020 bot-bot suka mamaye sabar kamfanin, wato kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa a intanet. A nan bot ba mutum ba ne mai amfani da manhajar magudi. Asusu ne da manhaja ke tuƙawa da kanta daga shiga har fita. Mutum ɗaya kan kunna kwafin gem da yawa a kwamfuta ɗaya, ya kashe hoton gaba ɗaya don kada ya ci ƙarfin na'ura, su yi ta shiga wasa dare da rana. Kusan dukkansu Sniper, wato maharbin nesa, suke ɗauka, domin harbi ɗaya a ka ya isa kisa, ita kuwa manhajar saiti ba ta kuskure. Suna cika kunnen mutane da ƙara da zage-zage, suna satar sunan ɗan wasa na gaske don a kore shi a madadinsu, in kuma suka yi yawa a ɓangare ɗaya sai su jefa ƙuri'a su kori mutanen.

A watan Yunin 2020 Valve ya hana asusun kyauta yin magana da rubutu a cikin wasa. Wannan ya fi cutar da sababbin 'yan wasa, bot-bot kuwa ba su daina harbi ba. A watan Mayun 2022 aka yi gangamin farko da maudu'in #SaveTF2 a Twitter. Kamfanin ya amsa cewa ya ji kuma yana kan aiki, a watan Yuni ya yi 'yan gyare-gyare: ya hana canza suna a tsakiyar wasa, ya bar ɓangarorin biyu su jefa ƙuri'ar kora a lokaci guda. Mutane suka ji daɗin amsar, suka watse. Bot-bot suka ci gaba da abinsu har shekara biyu.

Ranar 3 ga Yunin 2024 aka dawo da #FixTF2. Wannan karon da shiri: takardar koke da ta samu sa hannu sama da 340,000, bidiyoyin shaida, sannan aka yi wa gem ɗin ruwan mummunan sharhi a Steam, kasuwar gem ta Valve, har makinsa na kwanan nan ya faɗi matakin ƙarshe. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya fara toshe asusun bot-bot da na masu tuƙa su da yawa-yawa, wasa ya dawo ana iya yinsa. Daga baya aka buga sunayen masu sa hannu a littafi aka kai ofishin Valve da ke Bellevue a jihar Washington ta Amurka. A ganina abin da ya raba 2022 da 2024 shi ne a karo na biyu ba su karɓi "mun ji" a matsayin amsa ba.

Anti Injiniya, Barnawa, ta rubuta:

Malam ya faɗi gaskiya. Amma Ɗan Rigasa, kafin ku tara jama'a ku tabbatar da abin da kuke gani, don koken da aka gina a kan zargi mara tushe yakan mutu a ranar farko. Abubuwa uku ake cakuɗawa.

Akwai bot ɗin da kamfani da kansa yake zubawa a wasannin waya irin su PUBG Mobile da Call of Duty Mobile, musamman a ƙananan matakai, don cike gurbi da ba sabon shiga damar koyo. Shi wannan rago ne: yana tafiya a fili, ya tsaya cak, harbinsa na warwatse. Ba magudi ba ne.

Akwai kuma jinkirin netwok, wanda shi ne ya fi jawo zargin banza a wajenmu. Yawancin wasannin nan sabarsu tana Turai ne ko Gabas ta Tsakiya, daga Kaduna ping, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je sabar ya dawo, yakan haura milisakan 100, a datar waya da yamma ya fi haka nesa. Sabar tana lissafi ne da abin da mai harbi ya gani a lokacin da ya danna. Kai a allonka ka riga ka shige bayan bango, shi a nasa allon har yanzu kana fili, sai ka ga kamar harsashi ya huda gini. In ping ɗinka yana tsalle daga 120 zuwa 300, kada ka rantse a kan abin da ka gani.

Na ukun shi ne magudi na gaske, kuma alamunsa ba sa ɓuya in aka maimaita bidiyon a hankali: bakin bindiga ya fizge daga wani waje zuwa kan abokin gaba cikin ƙiftawa ɗaya ba tare da ya bi hanya ba, ko ya riƙa bin mutum ta bayan bango kafin ya fito, ko bindiga mai ja da baya ta yi ta aman wuta ba ta girgiza. Bot mai tuƙa kansa kuma hanya ɗaya yake bi kullum, kansa na juyawa sama ko ƙasa.

Shaida kuwa lambar asusu ake ɗauka, ba suna ba, don suna ana canza shi. A wasannin Valve irin TF2, ka buɗe akwatin umarni ka rubuta status, zai fito da SteamID, wato lambar asusun kowa. Ka rubuta record da sunan fayil don naɗar wasan, stop don tsayarwa. A waya, ka kunna naɗar allo, ka buɗe shafin mutumin lambar ta fito a cikin bidiyon. A rubuta rana, lokaci, da sabar. Daƙiƙa 30 mai tsabta ta fi minti 20 na hayaniya.

Baban Kawo ya rubuta:

Ni inda na ɗan saɓa da Malam shi ne a kan abin da za a nema. "Ku toshe su" ba buƙata ba ce, don toshewa ba ta da tasiri matuƙar sabon asusu kyauta ne. A toshe 50 da safe, mai su ya buɗe 50 kafin azahar. Ƙari a kan haka, tsarin kama magudi na Valve mai suna VAC da ire-irensa da gangan suke jinkirta hukunci na kwanaki ko makonni, don kada mai ƙera manhajar magudi ya gane abin da ya tona shi. Ga mai magudi ɗaya wannan dabara ce mai kyau. Ga bot da ba a damu da asusunsa ba, jinkirin nan kyauta ce aka ba shi.

Don haka abin nema shi ne a tsadar da sabon asusu. A ɗaure wasan matsayi da lambar waya, kamar yadda aka taɓa yi wa Prime, rukunin asusun da aka tantance, a wasan Counter-Strike. A Najeriya wannan yana da nauyi tunda aka haɗa layi da NIN, sai dai dole kamfanin ya ƙi karɓar lambobin haya da ake saya a intanet, in ba haka ba aikin banza ne. A ware sababbin asusu su yi wasa da junansu na ɗan lokaci. A sa ma'aikata na gaske su duba rahotanni, a kuma sanar da mai rahoto in an ɗauki mataki, domin rashin jin komai ne ke sa mutane su daina kai rahoto. Sannan a bi masu sayar da manhajar, su ne tushen: a 2021 'yan sandan Kunshan a Sin tare da kamfanin gem na Tencent sun kama wata babbar ƙungiyar masu wannan sana'a, a 2024 kuma wata kotu a Amurka ta yanke wa EngineOwning, masu sayar da manhajar magudi, biyan Activision, kamfanin Call of Duty, sama da dala miliyan 14.

Akwai abubuwa biyu da bai kamata mu nema ba, don mu za su fara ci. Toshe adireshin intanet: masu datar waya da yawa adireshi ɗaya suke fita da shi, a toshe mutum ɗaya a Kawo a haɗa da bayin Allah a Kakuri. Toshe na'ura gaba ɗaya ma haka: a gidan gem kwamfuta ɗaya mutum goma ke hawa a rana, kuma wanda ya sayi waya ta hannu a Ahmadu Bello Way bai san abin da mai ita na farko ya yi ba. In za a yi shi, to a nemi ya zo da hanyar ɗaukaka ƙara.

Malam Kwamfuta, Unguwar Sarki, ya rubuta:

Na yarda da kai Baba. Abu ɗaya zan ƙara game da ruwan mummunan sharhi. Tun 2019 Steam yana iya cire sharhin da ya ga bai shafi gem ba daga lissafin maki. Don haka kowa ya rubuta nasa da bakinsa, a kan matsalar wasan kanta, kada a kwafi jimla ɗaya a yi ta liƙawa, kada a zagi ma'aikaci. A Play Store ma haka.

Kuma Ɗan Rigasa, yawanku a Kaduna kaɗai ba zai girgiza kamfani ba. Ku nemi 'yan wasan Kano, Legas, Accra da duk wanda kuke haɗa sabar da shi, a tsayar da rana ɗaya, maudu'i ɗaya, buƙatu kada su wuce huɗu, a rubuta da Hausa da Turanci. Ku gargaɗi yaranku kada wani ya sauke gem ɗin da aka yi wa kwaskwarima wai don ya rama. Irin waɗannan fayilolin sukan zo da manhajar satar kalmar sirri, kuma asusunsa ne za a fara toshewa. Kada kuma a yi cacar baki da masu tuƙa bot da sunan gaske ko lambar waya, domin a rikicin TF2 sun tona bayanan wasu masu sukarsu.

Anti Injiniya, Barnawa, ta rubuta:

Kafin ranar gangamin, a ba mutum biyu aikin tace bidiyoyin. Duk wanda ping ɗin mai naɗarsa ya haura 200, ko lambar asusu ba ta fito ba, a cire shi. Sauran a jera su bisa kwanan wata a wuri ɗaya, a aika ta shafin tallafi na kamfanin tukuna, a ajiye lambar ƙorafin da suka bayar, ita za a liƙa a saman takardar koken.