Rediyomiks: wace kalma za mu sa masa da Hausa?

Salamu alaikum jama'a, yau kalma nake nema. Ƙanwata da ke karatun ɗaukar hoton asibiti ta zo hutu gida Gombe, kullum tana kan waya tana karanta wani abu wai rediyomiks, Baba ya ji ya ce "ke kuma yaushe kika koma aikin gidan rediyo?" Muka yi ta dariya, amma da ta tashi yi masa bayani da Hausa sai bakinta ya mutu.

Ga yadda na fahimce shi. In an yi wa mutum hoton hanta da injin ɗaukar hoton cikin jiki na CT ko MRI, likita da ido yake dubawa, ya ce ga ƙari nan, girmansa kaza. To amma a wajen kwamfuta hoton nan lambobi ne zalla, kowane ɗigo da lambarsa. Sai a zagaye ƙarin har da ɗan naman da ke gefensa, kwamfuta ta fitar da ma'aunai ɗaruruwa, cikinsa sumul yake ko dabbare-dabbare, bakinsa a daidaice yake ko ya yi cako-cako, yaya yake shan ruwan allurar nan da ake yi kafin hoto, abubuwan da ido ba zai iya ƙirgawa ba. Sunan ya bazu ne daga 2012, ta aikin Philippe Lambin da abokan aikinsa a Maastricht ta ƙasar Holan.

A kansar hanta abin da ake farauta shi ne kutsen da cutar ke yi cikin ƙananan jijiyoyin jini na gefen ƙarin. Wannan kutsen ba ya fitowa a hoto, sai an yi tiyata an yanko naman an sa a madubin likita, kuma wanda aka samu da shi cutar ta fi saurin dawo masa. Shi ne ake so lambobin su nuna tun kafin a sa wuƙa, don likita ya san ko zai ƙara faɗin yanka. Har yanzu dai galibi a matakin bincike abin yake.

To na tambaya a gurup ɗinmu. Wani ya ce "duban hoto", na ce a'a wallahi, ka ce wa tsohuwa a Kumo za a yi mata duba, ai malamin zanen ƙasa za ta zata. "Karatun hoto" kuma aikin likitan ne da idonsa, dama can ana yi. "Awon hoto" ya ɗan kwanta min tunda aunawa ake yi, sai matata ta ce duk macen da ta ji awo da hoto a jere ciki za ta kawo a ranta, kuma gaskiyarta. "Tsefe hoto" ba laifi, sai dai tsefewa warwarewa ce kawai, ba ta nuna an fito da wani abu.

Ni dai na tsaya a kan "tatsar hoto". Nono yana cikin hantsar saniya, kallo ba ya fito da shi sai an tatsa, in an tatso kuma a kaɗa a cire mai. Haka lambobin nan, a tatso su, a tace, a ɗauki masu amfani a yi hasashe da su. Kuma kalmar tana juyuwa a baki: an tatsi hoton, tatsar ta nuna akwai alamar kutse.

Wani ɗan'uwa daga Azare ya ce mu da yawanci sai ciki ya kumbura ake zuwa asibiti, ina mu ina tatsa? Ban musa ba, a nan ciwon hanta nau'in B da gubar funfunar gyaɗa da masara su ke kai mutane ga kansar hanta, rigakafin ciwon hanta nau'in B ɗin ma sai 2004 ya shiga jerin alluran yara a Najeriya. Amma ko a aji ai sai an kira abin da suna.

Na gwada wa Baba da daddare, ya yi shiru, can ya ce "to in hoton bai yi kyau ba fa, ruwa za a tatso?" Ƙanwata ta ce wallahi Baba matsalar kenan, in injin ya bambanta lambobin ma sukan bambanta.

Mai wadda ta fi tatsa ya kawo.