Neman shawara: yaya zan haɗa rayuwar yau da kullum da nassi ba tare da na tilasta wa ayar ba?

Mai tambaya, malamar firamare daga Kafanchan:

Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwana cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kiristi. Ina neman shawararku a kan wani aiki da aka ɗora mini, wanda na karɓa da farin ciki amma yanzu ya fara yi mini nauyi. Wata huɗu ke nan da shugabannin Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu suka ce in riƙa rubuta gajeren tunani kowace safiya ina tura wa mata a waya, domin masu fita kasuwa ko gona ko wurin aiki da sassafe su sami abin da za su riƙe a zuciya. Yadda nake yi shi ne in ɗauki abin da ke damun mutane, kamar tsadar kuɗin mota tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ko kuɗin makarantar yara, in ba da labarinsa a taƙaice, sa'an nan in nemo ayar da ta dace, in rufe da addu'a.

A makon jiya na rubuta a kan matasanmu da suka gama karatu suna zaune a gida babu aiki. Na kawo Irmiya 29:11, inda Ubangiji ya ce ya san shirin da yake yi wa mutanensa, na alheri ne ba na masifa ba, na kuma ce wa iyaye mata su kwantar da hankalinsu domin kafin shekara ta ƙare ƙofa za ta buɗe. Mata da yawa sun amsa da amin. Amma bayan sujada ranar Lahadi, wata tsohuwa da nake girmamawa ƙwarai, wadda ɗanta ya shekara shida yana neman aiki, ta ja ni gefe ta tambaye ni a hankali ko na karanta ayar da ta gabaci wadda na kawo. Na koma gida na buɗe, sai na tarar aya ta 10 tana maganar shekara 70 da za su cika a Babila kafin Allah ya dawo da mutanensa gida. Tun daga ranar jikina ya yi sanyi, domin na gane cewa na sa wa Allah magana a baki. Don Allah ku ba ni shawara: daga ina ya kamata in fara, daga abin da ya faru ko daga nassi? Ko kuwa in mayar da aikin ga waɗanda suka yi makarantar Littafi Mai Tsarki?

Fasto mai ritaya daga Kagoro:

'Yata, kada ki mayar da aikin. Ki gode wa Allah da ya ba ki tsohuwar da ta ja ki gefe maimakon ta yi maganarki a bayan ido, ki kuma sani cewa da yawa daga cikinmu da muka daɗe a kan bagade mun yi wannan kuskure da wannan ayar.

Ki koma ki karanta sura ta 28 da ta 29 tare. Irmiya yana Urushalima ne ya aika da wasiƙa ga waɗanda sarki Nebukadnezzar ya kwashe zuwa ƙasarsa Babila. A sura ta 28 akwai wani annabi, Hananiya, wanda ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara biyu za a karya karkiyar sarkin Babila a dawo da kome, kuma babu shakka maganarsa ta fi ta Irmiya daɗi a kunnen jama'a. Wasiƙar Irmiya kuwa cewa ta yi su gina gidaje su zauna, su yi lambuna su ci amfaninsu, su aurar da 'ya'yansu, su nemi lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a. Sai bayan wannan ne alkawarin aya ta 11 ya zo. Ki lura da kyau, lokacin da kika ce ƙofa za ta buɗe kafin shekara ta ƙare, kin ɗauki ayar Irmiya ne amma kika isar da saƙon Hananiya. Ba don in ƙara miki baƙin ciki na faɗi haka ba. Na faɗa ne domin ki ga cewa abin da surar take da shi ga matasanmu ya fi abin da kika ba su ƙarfi. Yaron da ya shekara shida yana jira yana bukatar ya ji cewa shekarun jira ma a hannun Allah suke, kuma koyon ɗinki ko noman citta a wannan lokaci ba faɗuwa ba ne, shi ne lambun da aka ce a shuka a Babila.

Game da inda za ki fara, shawarata ita ce ki juya tsarin. Ki zaɓi littafi ɗaya, misali Yakubu ko Bisharar Markus, ki bi shi kaɗan kaɗan. Ki karanta sashen gobe tun da daren yau, ki kwana da shi, ki shiga aji da shi, ki je kasuwa da shi. Za ki ga cewa rayuwa ce da kanta za ta zo ta sami nassin, ba sai kin yi farautar aya ba. Mai farautar aya, abin da ya riga ya yi niyyar faɗa shi yake samu. A Nehemiya 8:8 Lawiyawa sun karanta daga littafin, suka bayyana ma'anarsa har mutane suka gane abin da aka karanta. Iyakar aikinki ke nan, kuma ba ƙarami ba ne.

Mai sayar da hatsi daga Saminaka:

Baba Fasto, na ji maganarka kuma na yarda da yawancinta, amma ka yi mini izini in ƙara wani abu daga bakin kasuwa. Ni ban ga laifi ba idan wani lokaci abin da ya faru ne ya fara zuwa, domin Ubangijinmu ma yakan fara da abin da mutane suka sani: mace ta ɓatar da kuɗi ɗaya cikin goma ta kunna fitila tana share ɗaki, wata ta cuɗa yisti a cikin gari, manomi ya fita shuka. Abin dubawa shi ne ko mutum ya koma ya bincika, ko kuwa ya tsaya a kan abin da ya tuna da ka.

Na fi shekara ashirin ina auna masara da mudu. Kowace mace a nan ta san bambancin mudun da aka shafe bakinsa da wanda aka yi wa tozo, ta kuma san mai sayarwar da ke girgiza mudu domin hatsin ya zauna, da wadda ke zubawa sama sama ta juye da sauri. Saboda haka duk lokacin da aka karanta Luka 6:38, inda ake maganar mudu mai kyau, wanda aka danna, aka girgiza, ya cika har yana zuba, nakan ji kamar a rumfata aka faɗe ta. Shekaru da yawa lokacin baiko kaɗai nake jin wannan aya, har na ɗauka maganar kuɗi ce kawai. Ranar da na karanta tun daga aya ta 36 na tarar ana maganar jinƙai ne, da barin yanke wa mutane hukunci, da yafewa. A lokacin akwai wata maƙwabciyata a layinmu da muka yi wata takwas ba ma gaisawa saboda bashin buhu ɗaya. Ina yi wa baƙin da ban sani ba gyara a kan awo, ita kuwa ina auna mata da shafaffen mudu. Washegari na je na gaishe ta. Malama, irin wannan nake so ki riƙa kawo mana, abin da zai bi mu har rumfa.

Sai roƙo ɗaya. Matan da ke zumuntarmu ba duka ne ke iya karatu da sauri ba, wasu kuma Hausa ba ita ce harshen da suka tashi da shi ba. Idan za ki iya, ki riƙa naɗar muryarki kina karantawa, kada ya wuce minti biyu, domin a iya saurara ana hura wuta.

Katakis daga Zariya:

Ina goyon bayan Baba Fasto a kan bin tsari. A cocin Katolika ba mu ne ke zaɓar karatun rana ba, an riga an tsara shi, kuma karatun Lahadi yana zagayawa cikin shekara uku, shekara ɗaya Matiyu, ɗaya Markus, ɗaya Luka, Bisharar Yahaya kuma tana shigowa a lokuta na musamman. Amfanin wannan shi ne yakan kai mutum ga wuraren da ba zai taɓa zaɓa da kansa ba. Wanda ke zaɓa kullum, ayoyin ta'aziyya goma sha biyu zai yi ta juyawa, ba zai taɓa isa Yakubu 5:4 ba, inda hakkin ma'aikatan gona da aka danne yake kuka, alhali a cikin masu karanta shi akwai masu 'yan aiki a gida da masu ɗaukar 'yan ƙwadago lokacin girbi.

Ki kuma kula da fassara. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Miller na Wusasa ya yi fice a cikinsa, an sake yin wasu fassarori, kuma kalmominsu sun bambanta. Ki yi amfani da wadda ake karantawa a ikilisiyarku, ki rubuta sura da aya daidai, domin wadda ta so ta buɗe ta gani da idonta, kamar yadda mutanen Biriya suka yi a Ayyukan Manzanni 17:11.

Ma'aikaciyar jinya daga Jos:

'Yar'uwa, nawa gargaɗi ne a kan labaran da kansu. Na taɓa gaya wa wata damuwar gidana domin ta taya ni addu'a, bayan kwana uku sai na ga labarin a irin wannan rubutu na safe. Ba a ambaci sunana ba, amma an faɗi aikina da yawan 'ya'yana, kuma a ikilisiyar da kowa ya san kowa wannan ya isa. Na yi wata biyu ban je zumunta ba. Idan labarin ba naki ba ne, ki nemi izini, idan kuma ba za ki iya neman izinin ba, ki bar shi, ko da ya dace da ayar ƙwarai. Har tsohuwar nan da kika ambata mana, ki tabbata ba za ta ji kunya ba in maganar ta koma mata.

Mai tambaya:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. 'Yar'uwata ta Jos, maganarki ta taɓa ni, na je wurin Mama jiya na gaya mata cewa na kawo zancen nan, ta ce babu kome. Na yanke shawarar fara Wasiƙar Yakubu ranar Litinin, zan kuma riƙa naɗar murya. Abin da ya rage mini shi ne rubutun makon jiya. Baba Fasto, in yi shiru in ci gaba, ko in fito in gyara a gaban matan? Ina tsoron kada waɗanda suka ce amin su karaya.

Fasto mai ritaya daga Kagoro:

Ki gyara, 'yata, kuma kafin ki fara Yakubu. Ba sai kin tsawaita ba. Ki ce musu alkawarin Irmiya 29:11 gaskiya ne kuma yana nan, amma wa'adin ƙarshen shekara naki ne, ba na Ubangiji ba. Daga nan ki karanta musu aya ta 4 zuwa ta 14 gaba ɗaya da muryarki. Idan Mama ta yarda, ki roƙe ta ita ta yi addu'ar rufewa a ranar, domin ita ce ta shekara shida a cikin wannan sura.