Likita ya ce sai an sa min waya kafin dashen haƙori, hakan daidai ne?

Ummu_Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min. Haƙorina na gaba na sama ya karye tun daga cikin dasashi a hatsarin adaidaita, likita ya duba hoto ya ce ba ya gyaruwa sai dai dashe, toh ni na ɗauka cirewa za a yi a sa sabo shikenan amma wai sai an sa min wayar haƙori wata da watanni ana janyo guntun a hankali sannan a cire shi. Haƙorin da za a zubar meye na wahalar janyo shi? Maigida ma cewa yake anya ba neman kuɗi ba ne.

LikitanHaƙori:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Gaskiya abin da ya faɗa miki sanannen aiki ne, tun 1993 wasu likitoci biyu a Amurka masu suna Salama suka yi rubutu a kai. Dashen nan ƙarfen titaniyom ne da ake ɗaurawa cikin ƙashin muƙamuƙi, kamar ƙusa ce a bango, in bangon ba kauri ba ta zama. Matsalar ita ce da zarar an cire haƙori ƙashin wurin sai ya fara zaizayewa, a shekarar farko faɗinsa kan iya raguwa har kusan rabi, kuma na gaban baki dama siriri ne sosai.

Shi kuwa haƙori akwai wasu siraran zaruruwa da suka ɗaure saiwarsa da ƙashi, in aka ja shi a hankali, kamar milimita 1 a wata, zaruruwan nan suna miƙewa jiki kuma yana gina sabon ƙashi yana bin saiwar, dasashi ma ya biyo. Kin ga ba haƙorin ake so ba, ƙashi da dasashin da zai bari a baya ake nema. In ba haka ba sai a yi dashen kiga haƙorin ya fi ɗan uwansa tsayi ko duhun ƙarfe yana leƙowa in kin yi murmushi, a haƙorin gaba kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Baban_Yara:
Ni nawa daban ne amma duk tafiyar ɗaya ce. Na cire matauni na ƙasa na bar giɓin shekaru ban kula ba, ashe na bayansa ya kwanto ciki na sama kuma ya sauko, da na je dashe aka ce babu wuri sai da waya ta miƙar da shi tukuna. Wlh ki yi haƙuri ki bi, wahalar ta 'yan kwanakin farko ce duk sanda aka ƙara ɗaurewa, sai kuma yawan goge baki dan abinci na maƙalewa.

YarZinder:
Likita to me zai hana a fara dashen, in ya so daga baya a sa wayar? Ƙanwata 'yar shekara 15 ce haƙori ɗaya na kusa da fiƙa bai fito mata ba sam.

LikitanHaƙori:
Ai Malama dashe ba ya motsi, haɗewa yake da ƙashi kai tsaye babu waɗancan zaruruwan, inda aka kafa shi nan zai zauna har abada, shi yasa waya ce a gaba. Kuma ƙanwarki ba a yi mata yanzu sai ƙashin fuska ya gama girma, in ba haka ba sauran haƙora su ci gaba da saukowa shi a bar shi a sama. Abin da za a yi mata yanzu shi ne a buɗe wurin da waya, wajen milimita 6 zuwa 7, a tabbatar saiwoyin maƙwabta ba su karkato ciki ba, a sa mata na wucin gadi.

Ummu_Biyu:
Na gode Likita Allah ya saka, hankalina ya kwanta. Ana gama ja sai cirewa kenan?

LikitanHaƙori:
A'a Hajiya, ana riƙe shi a wurin wasu watanni sabon ƙashin ya yi ƙwari. Sannan ki tambayi likitanki ko akwai ruɓa a gindin saiwar ko ta tsage a tsaye, dan in akwai wannan hanyar ba ta yi, sai dai a cire a ƙara ƙashi da tiyata. In kina da suga ki faɗa masa tun yanzu.