Wace Hausa za mu ba "out-of-body experience"?

Mai fassarar shirin lafiya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Dakta, Malama, a taimaka da kalmar da za a faɗa a rediyo kowa ya gane. Mutum ne yana farke, sai ya ji kamar ya bar jikinsa, yana can sama kusa da silin yana kallon kansa a kwance. Uku aka kawo: fitar ruhi, fitar kurwa, barin jiki.

Likitan ƙwaƙwalwa, Barnawa:
Wa alaikumus salam, Malam. A fara sanin abin tukuna, suna ya biyo baya. Ƙwaƙwalwa tana gane inda mutum yake ne ta hanyar haɗa saƙo huɗu: na ido, na fata, na tsoka da gaɓoɓi (shi ya sa ka san inda hannunka yake ko da ido a rufe), da na can cikin kunne, inda akwai bututu uku masu ruwa da 'yan jakunkuna biyu masu gaya maka ina ne sama, ina ne ƙasa. Babbar mahaɗar waɗannan saƙonni tana sama da kunne, ta baya-baya, kuma ta dama ce aka fi samu da hannu a wannan lamari. In saƙonnin suka saɓa, sai ƙwaƙwalwa ta ajiye "ni" a wani wuri, jiki a wani.

A 2002 Olaf Blanke da abokan aikinsa a Janiba ta ƙasar Suwizalan suka ba da rahoton wata mata 'yar shekara 43 mai farfaɗiya, wadda aka shimfiɗa wa wayoyi a kan ƙwaƙwalwa don neman tushen ciwon. Da aka sakar wa wurin nan lantarki miliamfiya 2 zuwa 3, ta ce tana nutsewa cikin gado ko faɗowa daga sama. Da aka kai 3.5, ta ce tana ganin kanta daga sama a kwance, amma ƙafafu da ƙasan jiki kawai take gani. Duk wannan tana farke, tana magana da likitoci.

Malamar Hausa, Unguwar Rimi:
Dakta ya sauƙaƙa mana. To dukkan ukun nan ba su yi ba. Fitar ruhi, kunnen Bahaushe fitar rai zai ji, wato mutuwa, ga shi matar nan da ranta tana ba da amsa. Kuma ruhi al'amarin Ubangiji ne, kamar yadda aya ta 85 ta Suratul Isra'i ta faɗa, bai dace kalmar asibiti ta yanke hukunci a kansa ba. Fitar kurwa ta fi ba ni tsoro. Kurwa a wurinmu tana tafe da zancen maita, ranar da aka ce wa dangi kurwar 'yarsu ta fita, wata tsohuwa a unguwa za a fara nuna wa yatsa, a bar asibiti. Barin jiki kuwa, in an rubuta a wayar salula da ba ta da haruffa masu ƙugiya ba a raba shi da ɓarin jiki na zazzaɓi. Ni zan ce hangen kai.

Likitar kunne, Kawo:
Malama, hangen kai ya yi daɗin faɗa, sai dai ya kama ido ya saki kunne. A 2007 likitoci a Beljiyam sun sa wa wani mutum ɗan shekara 63 waya a ƙwaƙwalwa saboda ƙarar kunne da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Da aka sakar wa wayar lantarki, ya ji yana kimanin santimita 50 a bayan jikinsa ta hagu, amma bai hangi jikin ba ko kaɗan. Kenan ginshiƙin abin shi ne jin ba ka cikin jikinka. Wani bincike a Faransa kan masu jiri 210 ya samu kashi 14 cikin 100 sun taɓa jin haka, masu lafiya kuwa kashi 5. A ajiye hangen kai don wani abu daban: mutum yana nan cikin jikinsa, sai ya ga kamanninsa a gabansa kamar a madubi.

Likitan ƙwaƙwalwa, Barnawa:
Gaskiyarki, Dakta. Don haka ina ba da shawarar jin fita daga jiki. "Ji" ɗin nan kada a yar da shi, shi ne ke nuna abin da mutum ya ji muke faɗa. Yana zuwa da farfaɗiya, ciwon ɓarin kai, jiri, allurar ketamin ta ɗakin tiyata, da dannau lokacin shiga barci ko farkawa. Wanda ya zo sau ɗaya da dannau ba abin tayar da hankali ba ne. Wanda ke maimaituwa, ko ya zo da suma, fizge-fizge ko cizon harshe, a kai shi a yi gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa.

Malamar Hausa, Unguwar Rimi:
Na janye tawa. Jin fita daga jiki yana shiga jimla ba gargada: "ta ji fita daga jiki sau biyu a watan nan." Malam, a rediyo ka faɗe shi cikakke, kada ka taƙaita zuwa fitar jiki, don za a ɗauka ƙuraje ake nufi.